Ƙwayar gado ɗaya ta isa a raɗa wa bakteriyar cikin kaska suna?

Auta:
Assalamu alaikum. Ina neman a ɗora ni a hanya. Aikin bincikena a kan bakteriyar da ke cikin kaska ne, waɗanda muka ciro daga jikin shanu da karnuka. Mun niƙa su, mun tatso DNA, mun yi PCR, gwajin da ke ninka gunton DNA, a kan ƙwayar gadon da ake kira gltA, muka aika aka karanto mana jerin haruffan. Guntun bai kai haruffa 400 ba. Da na zuba shi a BLAST, manhajar da ke kwatanta jerin haruffa da waɗanda aka riga aka sani, sai ga sunayen jinsunan bakteriyar Rickettsia kusan biyar, kowanne kamanninsa da nawa ya haura kashi 99 cikin 100, amma babu wanda ya yi daidai cif. Wani abokin karatuna ya ce tunda bai dace da kowa ba, ai sabon jinsi na gano. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Me zan rubuta?

Mai Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, gara da zuciyarki ta ƙi kwanciya. Yi lissafin da kanki: a gunto mai haruffa 380, harafi ɗaya in ya bambanta ya ci kusan kashi 0.26. Wato duk wannan saɓanin da kike gani bai wuce harafi ɗaya zuwa uku ba, kuma na'urar karatu kan yi tuntuɓe a farkon gunto da ƙarshensa. Kafin komai, buɗe hoton igiyoyin nan masu launi huɗu da aka aiko miki tare da sakamakon, ki duba wurin da saɓanin yake. In a baki-baki ne, datse shi. Ki kuma tabbatar an karanta daga gaba da baya.

Sannan ita gltA ba ta saurin sauyawa. Tana gaya miki cewa Rickettsia ce, amma a cikin rukuninsu mai jawo zazzaɓi mai ɗige-ɗige ba ta raba gardama. Sai kin haɗa da wasu ƙwayoyin gadon, ompA da ompB da sca4. A 2003 Fournier da Raoult da abokan aikinsu sun fitar da ma'auni da har yanzu ake komawa gare shi: kamannin kashi 99.8 a ƙwayar gadon 16S, 99.9 a gltA, 98.8 a ompA, 99.2 a ompB, 99.3 a sca4. Idan samfurinki ya kai waɗannan matakan a fiye da ɗaya idan an gwada shi da jinsin da ya fi kusa da shi, to ba sabo ba ne. Ke ɗaya kawai kike da ita, ita ma guntuwa.

Baƙo:
Ku yi haƙuri, ni ba ɗan fannin ba ne, ina dai bibiya. Me ya hana a duba ta a madubin likita a ga kamanninta? Ko a shuka ta a faranti kamar yadda ake yi wa sauran ƙwayoyin cuta?

Dattijo:
Tambayarka ita ce tushen maganar, ɗana. Rickettsia ba ta rayuwa sai a cikin tantanin wata halitta. Ko ka cika faranti da duk abincin da bakteriya ke so, ba za ta tsiro ba. Sai a cikin ƙwai mai ɗan tsako, ko dabbar gwaji, ko tantanin da aka rena a kwalba, kuma masu haɗarin cikinsu sai a ɗakin gwaji mai tsaro mataki na uku. A madubi kuwa dukkansu 'yan guntayen sanduna ne, ba ka bambance wadda ke kisa da wadda ba ta taɓa cutar da kowa ba.

Sunan kansa na tuna mana tsadar wannan ilimi. Howard Ricketts, wanda ya nuna cewa kaska ce ke yaɗa zazzaɓin tsaunukan Rocky a Montana ta Amurka, zazzaɓin taifus ne ya kashe shi a birnin Meziko a 1910 yana cikin bincikensa. Prowazek ma haka ya rasu a 1915. A 1916 da Rocha Lima ya haɗa sunayensu biyu ya ce Rickettsia prowazekii. A lura, taifus daban, taifot daban, ana yawan cakuɗa su.

Da muna ɗalibai, gwajin Weil-Felix ake koyarwa, wanda shi ma tun 1916 yake. Ka san da me ake yinsa? Da wata bakteriya dabam sam, Proteus, saboda garkuwar jikin mai taifus kan kama ta bisa kuskure. To in da irin wannan awo kake rarrabewa, dole ka haɗa waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Shekaru da dama duk zazzaɓin cizon kaska a Afirka ana jingina shi ga Rickettsia conorii, wadda aka fara bayyana cutarta a Tunis a 1910 kuma kaskar kare ce ke ɗauke da ita. Wani masani mai suna Pijper ya faɗa tun shekarun 1930 cewa cututtuka biyu ne, ba a saurare shi ba. Sai da aka ware ƙwayar daga jikin majiyyaci a Zimbabwe, aka gwada ta da sababbin hanyoyi, sannan a 1996 aka amince da Rickettsia africae a matsayin jinsi mai zaman kansa, mai tafiya a kaskar Amblyomma. Kama da wane ba ta wane.

Dakta Ummi:
Baba Dattijo, Allah ya ƙara lafiya, amma bari in faɗi abin da ke raina. Ni a gaban gadon majiyyaci, duk wannan rabe-raben me ya ƙara mini? Conorii ce, africae ce, rickettsii ta zazzaɓin Rocky ce, typhi ce, har wasu bakteriyar kaska irin su Ehrlichia da Anaplasma, maganin farko ɗaya ne: doxycycline. Dangin penisilin ba sa taɓa su. Kuma abin da ke kashe mutane shi ne jira. A makon farko gwajin garkuwa yakan fito babu komai, don jiki bai riga ya mayar da martani ba. PCR na jini ma yakan ƙi nunawa, domin ƙwayar a bangon jijiyoyin jini take laɓe, ba a cikin jinin take yawo ba. Likitan da ya ce sai ya ga suna kafin ya ba da magani, a zazzaɓin Rocky zai iya rasa yaron kafin sakamako ya dawo. Ina tsoron yadda muke yi wa suna hidima mu manta da mai ciwo.

Likitan Dabbobi:
Dakta, a kan kada a jira, babu mai ja da ke. Amma ke majiyyaci ɗaya kike gani, mu kuwa tambayarmu ita ce daga ina ya ɗauko, kuma wa zai biyo bayansa. Suna ne ke nuna maka ƙwaron. In africae ce, sai ka nufi shanu da ciyawar da Amblyomma ke farauta a ciki, kuma ita wannan kaskar biyo mutum take yi, shi ya sa ake ganin baƙin tabo fiye da ɗaya a jiki, da mutane da yawa da suka kamu lokaci guda. In conorii ce, kare da inda yake kwana. In typhi ce, ɓera da ƙumarsa, Xenopsylla cheopis. Uku ɗin nan magani ɗaya ne a wajenki, amma rigakafi uku ne a wajenmu.

Mu a ɓangarenmu mun ɗanɗana sauyin suna sosai. Cutar da ke tara ruwa a jakar zuciyar awaki da tumaki da shanu, Cowdria ruminantium muka haddace. A 2001 Dumler da abokan aikinsa suka auna ƙwayoyin gadon 16S da groESL, suka rushe tsarin gaba ɗaya: Cowdria ta koma Ehrlichia ruminantium. Wani abin da ya fi ba ni mamaki, abubuwa uku da muke ɗauka daban-daban, Ehrlichia phagocytophila ta tumaki da shanu, Ehrlichia equi ta dawaki, da wadda aka gano a mutane, ashe abu ɗaya ne. Yau duk Anaplasma phagocytophilum ce. Likitan mutane da na dabbobi sun daɗe suna yaƙar abokin gaba ɗaya ba su sani ba.

Dakta Ummi:
Wannan na karɓa. Kuma akwai inda sunan ke shafar magani: Rickettsia massiliae da 'yan uwanta ba sa jin rifampicin. Abin da nake ƙi shi ne a mai da gwaji sharaɗin ba da magani. Auta, in aikinki zai kai ga mutane wata rana, ki tuna cewa gogar baƙin tabon cizon da auduga ta fi jini ba da sakamako a PCR, kuma ba sai an yanka ba.

Mai Kwamfuta:
Tunda an buɗe ƙofar, bari in faɗi abin da na san Baba ba zai so ba. Wancan ma'aunin na 2003 da na kawo, ina amfani da shi, amma ban gamsu da shi ba. A sauran bakteriya, in kundin gadon ƙwayoyi biyu ya yi kama da kashi 95 zuwa 96, jinsi ɗaya ne. Tsohon ma'aunin haɗa DNA da DNA na kashi 70 shi ma nan yake faɗawa. Ka ɗora wannan a kan rickettsii da conorii da sibirica da africae da parkeri, sai ka ga duk jinsi ɗaya suke. Masu fannin sai suka ɗaga layin har sama da kashi 99 don sunayen da aka gada su tsira. A ganina an fara harbi ne sannan aka zana da'ira a kewaye da inda kibiya ta faɗa. Me ya sa Escherichia coli mai zama lafiya a hanji da mai lalata ƙoda suke ɗauke da suna ɗaya, amma Rickettsia biyu da suka fi su kusanci kowacce da nata?

Dattijo:
Ba ƙarya ka faɗa ba, lissafinka daidai ne. Amma tunda zancen ƙuma ma yana cikin maganar, ɗauki Yersinia pestis, mai annobar nan ta ɓeraye da Yersin ya ware a Hong Kong a 1894, Simond kuma ya nuna rawar ƙuma a 1898. Ta fuskar gado, reshe ce kawai da ta tsiro daga Yersinia pseudotuberculosis, wadda galibi ciwon ciki take sawa. An taɓa kawo shawarar a mai da ita ƙaramin jinsi a ƙarƙashin waccan. A 1985 kwamitin da ke yanke hukunci kan sunayen bakteriya ya ƙi, ya ce sunan mai haɗari ne. Ka yi tunanin ma'aikacin ɗakin gwaji ya karanta pseudotuberculosis a kwalba ya sassauta hannu. Ko takardar sakamako ta isa hannun likita a Madagaska a 2017, lokacin da fiye da mutum 2,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu.

Kuma duba abin da ya raba su: ba yawan haruffa ba ne. 'Yan zobban DNA ne guda biyu da pestis ta samu. Ɗaya na ɗauke da ƙwayar gadon ymt, mai ba ta damar rayuwa a cikin cikin ƙuma. Ɗayan na ɗauke da pla, mai buɗe mata hanya a jiki. An ma samu DNA ɗinta a haƙoran mutanen da suka rayu kusan shekara 5,000 da suka wuce, a lokacin ba ta da ymt tukuna. Matsakaicin kaso ba ya ganin irin wannan. Zai ce maka kusan ɗaya ne, alhali ɗan bambancin shi ne annobar.

Mai Kwamfuta:
Baba, to ai ka yarda ke nan cewa suna hukuncin mutane ne, ba abin da aka tsinta a rubuce a jikin ƙwayar ba.

Dattijo:
Ban taɓa musun haka ba. Bishiyar dangantaka ita ce ake ganowa, inda za a sare ta a ce wannan reshe jinsi ne, wannan shawara ce. Abin da nake nema shi ne mai sarewa ya san wa zai yi amfani da sunan. Dubi bakteriyar Borrelia. A 2014 Adeolu da Gupta suka ce a raba dangin biyu: masu cutar Lyme su koma Borreliella, masu zazzaɓi mai dawowa su riƙe tsohon sunan. Margos da wasu da dama suka ƙi. Har yau za ka ga rumbun bayanai na rubuta ɗaya, likitoci na rubuta ɗayan, ɗalibi yana neman abu ɗaya da suna biyu. Ga kuma Borrelia miyamotoi, da aka gano a Japan a 1995: ta gidan zazzaɓi mai dawowa ce, amma a kaskar Ixodes take tafiya tare da ta Lyme, kuma sai a 2011 aka tabbatar da tana cutar da mutane, a Rasha. Ita kuwa Borrelia recurrentis ta ƙwarƙwata, da aka karanta kundinta a 2008, sai aka ga ashe Borrelia duttonii ce ta kaska mai laushi da ta zubar da wasu kayanta bayan ta sauya mahayi.

Baƙo:
Wato har ƙwaron da ke ɗauke da ita ba ya nuna danginta?

Likitan Dabbobi:
Yana nunawa wani lokaci, yana yaudara wani lokaci. Da can cewa ake yi: ta kaska rukunin ɗige-ɗige, ta ƙuma da ƙwarƙwata rukunin taifus, shi ke nan. Rickettsia felis ce ta wargaza wannan. A ƙumar kyanwa aka fara ganinta a 1990, garkuwar jiki na kama ta kamar typhi, amma tana da ompA irin ta 'yan ɗige-ɗige. Da aka karanta kundinta a 2005 aka tarar da zoben DNA a ciki, abin da ake cewa Rickettsia ba ta da shi. Daga baya wasu suka ware mata rukuni na tsakiya tare da akari da australis. Tun kafin nan ma an fitar da wasu daga gidan: Orientia ta samu nata dangin a 1995, Rochalimaea aka haɗe ta da Bartonella a 1993, wadda henselae ɗinta ke yawo tsakanin kyanwoyi ta hanyar ƙuma, Coxiella kuwa aka ga nesa take ƙwarai.

Dakta Ummi:
Ita felis ɗin nan ce ta fi damuna, kuma a nan ina tare da ku ɗari bisa ɗari. A 2010 aka ba da rahoton samun DNA ɗinta a jinin masu zazzaɓi a Senegal da Kenya, kowa ya ce an gano ɗaya daga cikin sabubban zazzaɓin da ba maleriya ba. Daga baya aka riƙa samunta a jinin mutanen da lafiyarsu ƙalau. To yaron da ke gabana da zafin jiki, in gwaji ya ce felis, ita ce ta kwantar da shi, ko kuwa ta tarar da shi a kwance? In na tsaya a kanta zan iya barin ainihin ciwon ya wuce ni.

Mai Kwamfuta:
Ƙari a kan haka, Dakta, wasu gwaje-gwajen PCR na farko ba sa bambance felis da makusantanta. Akwai asembonensis, da aka raɗa wa sunan Asembo ta Kenya, da Candidatus Rickettsia senegalensis, duk a cikin ƙuma. Rahoton da bai karanta jerin haruffa ba ya ce felis, ni da ayar tambaya nake karanta shi. Auta, ki lura da kalmar Candidatus. Ita ake sawa ga wadda aka san ta ta DNA amma ba a rene ta ba. Suna cikakke na buƙatar a ware ƙwayar da ranta a ajiye ta a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu. Neoehrlichia mikurensis ta zauna da wannan laƙabin tun 2004, sai a 2019 aka iya renonta. A 2022 aka fito da SeqCode, tsarin raɗa suna mai karɓar kundin gado a madadin ƙwaya mai rai, amma shi ma cikakken kundi mai inganci yake nema, ba gunto ba.

Likitan Dabbobi:
Bari in ba ku wani abu da ya faru da ni, don ya yi mini ciwo kuma ba na son ya faru da Auta. A wani ɗakin gwaji da na taɓa aiki, mun yi PCR mai zagaye biyu, samfura suka riƙa fitowa da Rickettsia kusan duka. Mun yi murna. Da aka karanto haruffan, duk iri ɗaya ne, babu ko harafi ɗaya da ya saɓa, kuma daidai da ƙwayar da muke sawa don tabbatar da gwajin na aiki. Buɗe bututu tsakanin zagayen farko da na biyu ne ya watsa ta a teburi da na'urorin ɗiba. Aikin wata huɗu muka zubar. Tun daga ranar, ba na yarda da sakamakon da ba a sa bututun ruwa zalla ba tun daga matakin niƙa, kuma inda ake haɗa sinadarai daban, inda ake buɗe abin da ya fito daban.

Abu na biyu: kaskar da kika ciro daga jikin saniya ta sha jini. DNA ɗin da kika samu zai iya zama na jinin saniyar ne, ba shaida ba ce cewa kaskar na yaɗa ta. Na uku, kaska na da nata bakteriyar na gida, masu samar mata bitamin B da jini ba ya da shi isasshe. Akwai masu kama da Coxiella, masu kama da Francisella, da Midichloria. Gwajin IS1111 da ake yi wa Coxiella burnetii, mai jawo zazzaɓin Q, yakan kama wasu daga cikin na gidan nan, sai a wayi gari an rubuta cewa kaska cike take da zazzaɓin Q.

Dattijo:
Gaskiya ne, amma kada a wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Rickettsia parkeri an ware ta daga kaska a Texas tun 1937, aka ajiye ta a jerin marasa cutarwa fiye da shekara 60. Sai a 2004 aka wallafa tabbacin ta kwantar da mutum. Da yawa daga waɗanda aka rubuta wa zazzaɓin Rocky mai sauƙi, mai yiwuwa ita ce, gwajin garkuwa ne ba ya raba su. Saboda haka 'yata, kada ki rubuta mai cutarwa ce, kada kuma ki rubuta ba ta cutarwa. Rubuta abin da kika gani.

Auta:
Na gode ƙwarai, Baba da Dakta da yayyena. Na koma na duba hoton igiyoyin kamar yadda Yaya Mai Kwamfuta ya ce. Haruffa biyun da suka saɓa duk a ƙarshen gunton suke, inda karatun ya dagule. Da na datse, saɓanin ya tafi. Wannan samfurin daga Amblyomma variegatum ne ta jikin saniya, kuma yanzu ya dace da africae, sai dai wasu biyu na biye da ita da tazarar harafi ɗaya. Na nemi a yi mini ompA da ompB. Amma ga wata sabuwa: samfurin kaskar kare yana nuna igiyoyi biyu a kan juna a wurare da yawa. Kuma in faɗi gaskiya, kaska biyar-biyar muka haɗa muka niƙa don sinadaran su ishe mu.

Mai Kwamfuta:
Ga dalilin nan kin faɗa da bakinki. Igiyoyi biyu a wuri ɗaya na nufin Rickettsia fiye da ɗaya a bututun, kuma a kaskar kare ba abin mamaki ba ne a samu conorii da massiliae. Kada ki zaɓi igiyar da ta fi tsawo ki ce ita ce amsar, za ki ƙirƙiro jerin da babu shi a duniya, wani kuma ya zo ya same shi a GenBank, rumbun da ake ajiye jerin haruffan DNA, ya dogara da shi. Haɗarin haɗa biyar ya fi haka ma: gltA za ta iya fitowa daga wata ƙwaya, ompA daga wata, ki jera su a bishiya ɗaya ki ga kamar sabon reshe. Akwai ragowar kowace kaska a ajiye?

Auta:
Akwai. Rabi muka yanka, rabin kowacce na cikin firiza da lambarta.

Likitan Dabbobi:
Madalla da wanda ya koya muku haka. Koma kan waɗannan biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ki kuma tabbatar da ita kaskar kanta da ƙwayar gadon 16S ko cox1 nata, domin abin da ake kira Rhipicephalus sanguineus tarin makusanta ne masu wuyar bambancewa da ido, musamman in sun ƙoshi da jini.

Dakta Ummi:
In kin zo rubutawa, ki ce an samu DNA na Rickettsia a kaska kaza cikin kaza, ki faɗi ƙwayoyin gadon da aka karanta da tsawon kowanne, da cewa kaskar daga jikin dabba aka ciro ta. Na Amblyomma ɗin, har ompA ta dawo, bar shi a Rickettsia ta rukunin ɗige-ɗige mafi kusa da africae.

Auta:
Haka zan yi, Dakta. Gobe in sha Allah zan fara tatsar na biyar ɗin, da bututun ruwa zalla a tsakaninsu. In ompA ta dawo zan liƙo hoton igiyoyin a nan ku duba mini kafin in ɗora komai a GenBank.